Murhun da Ya Kusa Mayar da Ni Gida

Ku matso kusa, ku samarin da kuka shigo Riyad bana da bara, akwai abin da nake so ku ji tun kafin sanyi ya sake zagayowa. Duk Juma'a in kun taru a ɗakina na unguwar Dira shan shayi, sai wani cikinku ya dubi jakar kayan aikina da ke rataye bayan ƙofa ya fashe da dariya, wai Baba Haruna ya fi kowa dabara, ya zo ƙasar da rana ke dafa ƙwai a kan mota ya ce shi mai gyaran murhun ɗumama ɗaki ne. Makon jiya ma ɗaya ya ce ai aikin nawa bai wuce share toka da hura bututu ba, in na ara masa buroshi gobe zai fara. Ban ba shi amsa ba don bakina cike yake da burodi a lokacin. To ga amsar nan na zauna na rubuta. Karatuna bai yi nisa ba, kowa ya sani, in kun ga inda alƙalami ya karkace ku miƙar da shi da kanku.

Wanda bai yi sanyin garin nan ba bai san shi ba. Akwai kwana arba'in da mutanen nan ke kira marba'aniyya, ruwan alwala sai ka yi shahada kafin ka taɓa shi. A kwanakin nan kowane gida da wutarsa. Talaka da daffaya, wato rishon ɗumama ɗaki mai kananzir. Mai hali kuma yana da ɗakin baƙi a tsakar gida, majalisa, da murhun itace a kusurwa, nan ake zama a sha gahawa a ci dabino. Kuma duk inda aka kunna wuta a ɗaki aka rufe ƙofa, hayaƙi yana nan yana jiran wanda zai yi sakaci. Mu aikinmu shi ne mu gano ta inda ya shigo, mu nuna masa ƙofar fita.

Ni da girmana na fara koyon aikin nan, ina da 'ya'ya biyu a Gusau. Mahaifina kurfoti yake ƙerawa da ƙarfen duro, saboda haka na san yanka ƙarfe da lanƙwasa shi tun ina ƙarami. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, Abu Fahad, wanda iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, yana da shagon sayar da kayan ɗumama ɗaki a nan Dira. Da ya ga hannuna ya iya ƙarfe sai ya haɗa ni da mai gyaransa, wani dattijo mutumin Sham da muke kira Mu'allim Abu Nizar. Can garinsu kowane ɗaki da murhunsa, a cikin hayaƙin ya tashi.

Gidan farko da ya kai ni, wata daffaya ce ke wari. Muna shiga na durƙusa na fara kwance jaka, ya taka bakin jakar da ƙafa. Ya ce in zauna. Na zauna. Ya ce in rufe ido in gaya masa abin da nake ji. Na ce wuta nake ji. Ya ce ai jaki ma ya san wuta ce, wace irin ƙara take yi? Na kasa kunne, can sai na ji tana ɗan tsartuwa, tas, tas, kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi. Ya ce to ruwa ne a cikin kananzir, lagwani ya sha. Muka juye kananzir, muka canja lagwani, ko sukundireba ɗaya ba mu ciro ba. Duk sanyin shekarar nan haka ya yi mini. Sai mu shiga gida ya hana ni taɓa komai sai na faɗi abin da kunnena ya ji da abin da hancina ya shaƙa. Ni kuwa Allah ya hore mini kunne. Ko yanzu ina kwance a ɗakin nan nakan san wanda ke hawowa bene da takunsa kaɗai, har na san wanda ya zo gaisuwa da wanda ya zo cin tuwo.

Jakar da kuke wa dariya, bari in gaya muku abin da ke ciki. Buroshin waya mai sanduna da ake ɗaura wa juna har su kai ƙarshen bututu. Tocila. Ɗan madubi irin na kwalliyar mata, don leƙa lungun da kai ba ya shiga. Filaya, sukundireba biyu, da igiyar da ake zagaya bakin ƙofar murhu da ita don kada iska ta ɓulle. Sai gashin kaza guda ɗaya a cikin ambulan. Wannan gashin ya fi sauran daraja. In ka riƙe shi a bakin murhu ya karkata ciki, bututu yana ja. In ya karkato wajenka, hayaƙi ɗaki yake dawowa, ka fitar da yara tukuna sannan a yi magana. Mu'allim ya kuma koya mini karanta baƙin hayaƙi da yatsa. In ka shafo kunkunniya ka ji ta bushe kamar garin kwalli, wutar iska take nema. In ka ji tana danƙo tana kama yatsa, abin da ake ƙonawa ne da laima. In kuwa toka ce fara mai laushi, ka wanke hannu ka sha gahawarka, lafiya lau.

Akwai wani gida a unguwar Shifa, na wani malamin makaranta, da suka yi sati biyu suna tashi da ciwon kai, har da jaririya. Murhunsu sabo, bututu a share, babu abin da ya lalace. Na zauna na yi shiru, sai na ji wutar tana numfashi sama-sama, ta tashi ta kwanta, kuma duk sanda ta kwanta akwai wani gurnani da ke fitowa daga can cikin gida. Fankar zuƙe hayaƙi ce ta kicin. Mutumin ya bi duk tagogi da ƙarƙashin ƙofa ya liƙe da salatif da soso don kada sanyi ya shigo, to in matarsa ta kunna fankar nan, ba ta da inda za ta samo iska sai ta bututun murhu, sai ta janyo hayaƙin ɗaki. Na huda masa ƙofar iska a bango faɗin tafin hannu. Ya tsaya yana kallona, wai ya biya kuɗi an huda masa gida a tsakiyar sanyi. Bayan kwana uku ya aiko mini da kwalin lemo. Irin wannan na gani da yawa, har da sheƙar tattabara a bakin bututu da ƙwai biyu a ciki. Amma wanda nake so ku ji shi ne na wani gida a unguwar Badi'a.

A shekarata ta tara a shagon ne Abu Fahad ya shigo da wani sabon murhu daga waje wanda ba a saba gani ba a garin nan. Akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Ba ya cin itace. Abincinsa dusar katako ce da aka matse ta zama 'yan guntaye kamar abincin kifi, a buhu ake sayar da ita, mu a shago tsaba muke ce mata. A samansa akwai murfi, in ka ɗaga sai ka ga rami inda ake zuba tsabar, na sa masa suna rumbu. A ƙasan rumbun akwai ƙarfe mai murɗe irin na injin markaɗe, shi ke juyawa a hankali yana ɗebo tsaba kaɗan-kaɗan yana zubawa a wani ɗan kasko mai huji-huji. Nan wutar take, fanka na hura mata iska ta hujin. In yana lafiya ba hayaƙi ba wari, sai dai ka ji zubar tsabar a kasko, sur-sur, kamar ana auna gero a kwano.

Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba. Mu'allim ya tafi wajen 'ya'yansa bai dawo ba, aikin duk ya faɗo kaina. Kuma lokacin ne aka tsananta maganar takardu, ba dama ka ce in kafilinka ya sallame ka za ka laɓe wani wuri kana ɗan gyare-gyare. Ko kana ƙarƙashinsa, ko kana jirgin komawa gida. Abu Fahad kuwa ya zuba abin hannunsa a murhunan nan, mutane na zuwa su leƙa su taɓa su tafi. Wanda ya fara saye shi ne wani babban ma'aikaci, Abu Sa'ud, ya saya wa mahaifinsa. Tsohon yana da ciwon ƙirji, likita ya hana shi zama kusa da hayaƙin itace, sai ɗan ya sa aka toshe tsohon murhun majalisa da bulo, na je na kafa sabon a gurbinsa. Da abokansa suka ga ya saya, mutum huɗu suka biyo shi.

Sati bai cika ba Abu Sa'ud ya kira. Gilashi ya yi baƙi, ɗaki na wari, tsoho na tari. Na je bayan la'asar, don sai ya taso aiki yake buɗe mini majalisa. Na tarar an share kasko tas, an goge gilashi, ga turaren wuta an banka har ido na yaji. Haka al'adarsu take, ba a shigar da baƙo ɗaki sai an turara shi, ko da baƙon mai gyara ne. To hancina ya tashi aiki. Na sa gashin kaza, ya karkata ciki. Na share bututu duk da haka, na tafi.

Bayan kwana huɗu ya sake kira. Wannan karon na sa yatsa can bayan kasko inda tsumman mai aiki ba ya kaiwa, na shafo baƙi mai danƙo. Na ce laima ce, an ajiye buhunan tsaba a inda raɓa ke taɓa su. Na kawo sababbin buhuna daga shago, na sa aka ɗora su kan katako a cikin ɗaki. Na uku na canja igiyar ƙofa, na kwance fanka na wanke, na hau rufi na ƙara wa bututu tsawo. Duk sanda na kunna shi a gabana sai ya ci lafiya. In na juya baya kwana uku, a koma gidan jiya. Sauran huɗun da na kafa da hannun nan nawa kuwa ko tari ba su yi ba.

Ranar Litinin da safe Abu Fahad ya kira ni bayan kanta. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ce Abu Sa'ud ya ce a zo a ɗauke murhun, kuma in ya mayar abokansa ma za su mayar, ya kuma ce matsalar ba ta ƙarfe ba ce, ta wanda ya kafa ce, tunda Mu'allim ya tafi an bar shago a hannun wanda bai ƙware ba. Shi Abu Fahad ya roƙe shi ya ƙara mana zuwa Alhamis. Sai ya buɗe aljihun tebur ya nuna mini takardun iƙamata, saura mata sati biyar.

"Ya Harun, shekara tara ban taɓa jin kanka da kowa ba. Amma in murhun nan ya dawo shagon nan, ban ga abin da zan riƙe ka da shi ba. Ba zan sabunta ba."

Na ce Allah ya ja da ranka, abu ɗaya nake roƙo. A bar ni in je da safe, kada a share komai, kada a sa turare, kuma kada a ce in gyara. Zama kawai zan yi. Ya dube ni kamar na zautu, amma ya buga waya.

Talata da hantsi na isa Badi'a. Abu Sa'ud ya tafi aiki, direban gidan ya buɗe mini. Ranar na fara ganin tsohon ido da ido, da can ko yaushe na zo yana ciki yana hutawa. Siriri ne, gemu fari, ya naɗe da bargon gashin raƙumi, idanunsa sun yi hazo, da hannu yake laluben kofi. Abokansa uku tsofaffi irinsa na zaune, kullum nan suke yin hantsi. Na yi sallama na nemi gefen ƙofa zan zauna, ya ce a'a, wanda ya shigo majalisarsa ba ya zama wajen takalma. Ya tambayi sunana da na babbar 'yata, daga nan bai sake kirana da komai ba sai Abu Maryam. Ni kuma na ce masa Ammi, yadda suke kiran baffa.

Gilashin murhu ya yi baƙi har rabi, wutar ja ce mai kasala, ba fara mai tsalle ba. Da yake ba a sa turare ba, sai na ji warin sosai. Hayaƙi ne, amma da wani ɗan zaƙi a ƙarƙashinsa, kamar alewa ta ƙone a tukunya. Na ajiye jaka ban buɗe ba. Aka miƙo gahawa na karɓa da dama, aka turo farantin dabino. Tsofaffin suka ci gaba da hirarsu ta ruwan sama da farashin tumaki, ɗaya yana tsokanata wai ɗan Najeriya ya zo gyara ya ɓige da shan gahawa, in haka ake gyara shi ma injiniya ne. Na yi dariya, amma kunnena na wajen murhu.

Sur-sur. Shiru. Sur-sur. Shiru. Can sai ƙarfen mai murɗe ya yi wani nishi kamar ya ciji tsakuwa, ya tsaya, ya fizge, sai na ji ƙwal a cikin kasko. Tsaba ba ta yin ƙwal, ba ta da nauyin. Na ƙirga, kafin in shanye kofi na biyu ya yi haka sau uku. Kuma na san ƙarar nan, na tabbata na san ta, amma na rasa daga ina. Ina cikin wannan tunani sai tsohon da ke kusa da ni ya gama tauna dabinonsa ya jefa ƙwallon a kwanon silba da ke tsakiyarmu. Ƙwal.

Ban motsa ba. Na ci gaba da zama har aka kusa azahar, tsofaffin suka fara neman sandunansu. Suna miƙewa Ammi ya lalubo kwanon, cike da ƙwallayen mutum biyar, ga danƙon dabino duk a jikinsu. Ya dafa bango ya tafi kai tsaye wajen murhu kamar mai gani, ya ɗaga murfin rumbu, ya yi bisimilla ya juye, ya sa hannu ya baje su, ya rufe. Babu wanda ya ko waiwaya, sun saba gani. Direba ya gaya mini daga baya cewa shi kuma bayan azahar yake juye sabon buhu a kai, mai aiki ta kwashe kasko ta goge gilashi. Kafin in zo da la'asar komai ya binne. Kuskurena kuwa ɗaya ne, kuma nawa ne ni kaɗai: sau uku ina zuwa ban taɓa nutsa hannu cikin rumbun nan ba, saboda ni na kawo tsabar a buhu a ɗinke, na ɗauka na san abin da ke ciki.

Gano ciwon ya zo da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Ku da kuka kwana biyu a garin nan kun san ba a cewa dattijo ya yi kuskure a gaban baƙinsa, balle a ce bare mai gyara ne ya faɗa. In kuma na tsallake shi na kai wa ɗansa, na mayar da uba abin ƙara a gidansa, ɗan kuma ya ji kunyar maganganun da ya yi a kaina, kuma mai jin kunya ba ya sake kiranka. Na jira har baƙin suka fita, na matsa kusa na zauna a ƙasa.

Na ce, "Ammi, na ga ka zuba ƙwallaye a murhu. A garinmu zubarwa muke yi, shi ya sa nake tambaya."

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take. "Zubarwa? A shara?"

Na ce e. Ya girgiza kai ya ce Allah ya yafe mana. Ya ce a ƙauyensu lokacin yana yaro, akwai shekarun da dabino ne kaɗai tsakaninsu da kabari. Ƙwallon ma ba a yar da shi, jiƙa shi ake yi a daka a ba raƙuma da tumaki, wanda ya ragu a sa a wuta, garwashinsa ya fi na itace daɗewa. Mahaifiyarsa ta taɓa sa shi ya koma bayan gari ya tsinto guda uku da ya tofar a hanya. Tun daga ranar bai taɓa barin ƙwallon dabino ya shiga shara ba. Da murhunsa na da yana nan, a wuta yake watsa su. Yanzu an toshe, an kawo masa akwatin da ba a buɗe ƙofarsa in yana ci, to ya lalubo inda ake zuba masa abinci. Ya ce ya taɓa tsabar ya ji, ai kusan girmansu ɗaya.

Na ɗebo tsaba ɗaya da ƙwallo ɗaya daga rumbu, na sa masa ɗaya a kowane hannu. Na ce ya murƙushe. Tsabar ta zama gari a yatsunsa, ƙwallon ko gezau. Na kawo kwanon silbar na ce ya saurara. Na saki tsaba, na saki ƙwallo. Sannan na ce ya kasa kunne wajen murhu. Muka yi shiru mu biyu. Sur-sur. Sur-sur. Nishi. Ƙwal. Na ga girarsa ta ɗaga.

Na ce, "Murhunka na da namiji ne, Ammi, yana da haƙora, abin da ka ba shi zai ci. Wannan jariri ne, kunu kaɗai yake sha. Ƙwallon ba ya cinyewa da wuri, sai ya taru a kasko, zaƙin jikinsa ya narke ya toshe hujin iska, wuta ta shaƙe. Hayaƙin da ke sa ka tari ke nan."

Ya juya ƙwallon a tafin hannu. Da ya buɗe baki ba maganar murhu ya yi ba. Ya ce daren jiya ya ji ɗansa a waya yana cewa a sallami mai gyaran, shin ni ne? Na ce ni ne. Ya ce 'ya'ya nawa gare ni? Na ce yanzu huɗu. Ya ce to shi dai ba zai zuba ni'imar Allah a shara ba, ko za a mayar da murhu goma, in nemo wata hanya.

Hanyar ba ta yi wuya ba. Akwai wani Basudane mai kiwon tumaki a kudancin gari da nake gyara wa daffaya, na san yana jiƙa ƙwallon dabino yana ba dabbobinsa. Na gaya wa Ammi, ya yi mini tambayoyi kamar mai ba da aure, tumaki nawa, jiƙawa yake yi ko niƙawa, sannan ya yarda. Na kashe murhu, na kwashe rumbu har ƙasa, na tsince ƙwallaye cike da roba, na ciro biyu da suka maƙale a ƙarfen mai murɗe, na kankare kasko na bi hujinsa ɗaya-ɗaya da ƙusa. Da na dawo ɗaki na yanka gwangwanin man girki na ƙera masa mazubi mai murfin da ke ƙara in an rufe, irin aikin mahaifina, don ya riƙa ganewa da kunne. Laraba na kai na ajiye daidai inda hannunsa ke sauka, kusa da murhu amma ba a kansa ba.

Alhamis bayan la'asar muka taru, ni da Abu Fahad da Abu Sa'ud, tsoho na kishingiɗe a gefe kamar mai barci. Kwana biyu murhu na ci ba a goge ba, gilashi garau, wuta fara. Abu Sa'ud ya shafa gilashin ya dubi yatsansa, ya shinshina ɗakin, sannan ya juyo ya ce to mene ne ya lalace, kuma me ya sa sai a zuwa na huɗu? Abu Fahad ma ni yake kallo. Na ce tsabar ce ta gauraya da wani abu mai tauri, kuma laifina ne da ban duba rumbu tun farko ba. Ban yi ƙarya ba, ban kuma ƙara ko kalma ba. Abu Sa'ud ya fara cewa ai shi ya faɗa, kayan shagon ne ba su da kyau, sai muryar tsoho ta fito daga cikin bargo.

"Da ƙwallayena ta gauraya. Ni nake zubawa kullum. Mutumin nan ya gani tun shekaranjiya, ya rufa mini asiri a gaban baƙina, yanzu kuma yana so ya rufa mini a gaban ɗana. Zuba masa gahawa da hannunka."

Abu Sa'ud ya nufi inda butar gahawa take. Sannan ya ɗauki butar da hagu, kofi a dama, ya zuba ya miƙo mini yana tsaye. Na sha uku na girgiza kofin, alamar ya ishe ni. Babu wanda ya sake tayar da maganar. A mota da muka kusa Dira, Abu Fahad ya ce in kawo hotuna biyu ranar Lahadi don sabunta iƙama.

Sanyi huɗu na yi ina zuwa gidan nan duk Alhamis da hantsi, in juye gwangwani a buhu in kai wa Basudane, har Allah ya karɓi ran Ammi. Ni da ba na son fita ko nan da can, wannan fitar ban taɓa fashinta ba. Gwangwanin yana nan, shi ne wanda kuke jefa ƙwallayenku a ciki ranar Juma'a ba ku taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

To kai mai neman aron buroshi, ga shi can a jaka, ba na hana ka. Amma in aka kai ka ɗakin da aka share, aka turara, murhu na ci lafiya a gabanka, iƙamarka saura sati biyar, za ka iya ajiye jakar nan ka zauna tun hantsi har azahar ba ka taɓa komai ba?